Sunan Da Inna Ba Ta Kira

Ku yi mini afuwa, 'yan uwa. Na ga saƙonninku, na ga masu cewa Halima ta samu miji ta manta da mu, har da baiwar Allahn da ta rubuto tana tambayar kalar ankon biki. Ba miji ne ya ɓoye ni ba. Kwanakin nan in na ɗauki waya zan yi rubutu sai hannuna ya ƙi. Yau dai na ce ko da kuka ne sai na gaya muku abin da ya faru ranar da muka koma tsohuwar makarantarmu.

Ga wadda yau ta fara cin karo da ni, sunana Halimatu Sa'adiya, a Dutsin-Ma nake, a hannun Gwaggo, yayar mahaifina. Ita ta ɗauke ni tun daga yaye, bayan Allah ya yi wa Babana, Malam Hudu mai hatsi, rasuwa. Zaharaddin kuwa shi ne wanda aka sa mana rana da shi, bayan kaka in Allah ya kai mu. Ma'aikaci ne a jami'a, dogo, mai sanyin magana, irin mazan nan da in za su yi dariya sai sun sunkuyar da kai. Ni muryarsa ce ta kama ni. Gwaggo kuma takalminsa ne ya saye ta. Tun daga zaure yake cire su, ya tako tsakar gidanmu da safa ko da an yi ruwa, ya tsuguna har ƙasa ya gaishe ta. In ya fita sai ta bi bayansa da kallo ta ce, "Kin gani ko? Yaron da ya san inda ake cire takalmi ba ya wulaƙanta ɗiyar mutane."

Yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, Anti Nana Aisha, ita ce hedigel lokacin da na shiga aji ɗaya a makarantarmu ta kwana, can ƙasar Kurfi, gaba da Birchi kaɗan. Shekaru sun ja, ta yi aure ta haihu, amma hedigel ɗin ba ta sauka daga kanta ba. Ita ce shugabar gurup ɗin tsofaffin ɗalibai, kuma in ta yi magana a ciki, ko wadda ke naƙuda sai ta amsa. Ita ta turo mana cewa tun da aka rufe makarantar saboda ɓarayin daji, 'yan gudun hijira ne suka cika azuzuwan, don haka ya kamata mu je mu gano gida, mu kai musu abin da ya sawwaƙa. Nan da nan aka tara shinkafa da sabulu da gidan sauro. Mata dai ba sa taro ba anko, aka fitar da atamfa shuɗiya mai ratsin fari, kalar yunifom ɗinmu na da.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba, kuma in ban faɗa yanzu ba sauran labarin ba zai shige ku ba. Bara waccan ɓarayin daji suka harbe Yaya Rabi'u, babban wansu Zaharaddin, a gonarsa, yana tsakiyar yankan gero. Tun daga ranar ko nono ba a saye a gidansu. Hajiyarsu in ta ji muryar mai tallar fura a ƙofar gida sai ta sa a rufe ƙyaure. Anti Nana kuwa a sitatus take zuba nata, wai Fulani duk jirgi ɗaya ya kwaso su, na daji da na gari.

Innata Bafulatana ce.

Da ta fita takabar Babana ta koma rugarsu a bayan Birchi, ta auri ɗan baffanta, Manu. Ni ce ta fari a wurinta, ni kaɗai ce kuma na rayu. Lokacin da dangin Zaharaddin suka zo bincike, gidan Malam Hudu suka bincika, suka same shi tsaf. Da aka tambayi uwa, Gwaggo ta ce 'yar ƙasar Kurfi ce, tana aure a ƙauye. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma faɗi gaskiya ba. Sau ɗaya na buɗe baki zan gaya masa, ranar kuwa ya tashi ba ni labarin yadda aka shigo da gawar wansa a bayan a-kori-kura, an rufe ta da buhu. Idonsa ya yi ja. Na haɗiye maganata, ta zauna mini a ƙirji har ranar tafiyar nan.

Ranar tafiya, ina gaban madubi ina fama da ɗaurin ɗankwali, saƙonsa ya shigo.

"Amaryar wani, kin shirya? Ni zan biyo ku da motar kaya. Anti ta ce in ban zo ba ta yafe ni."

Na rubuta masa, "Wane ne wanin?"

"Wani mai sa'a ne. Ki sa takalmi mara tsini, can ba kwalta."

Ina murmushi ni kaɗai Gwaggo ta shigo, ta turo ƙofa ta rufe, abin da ba ta yi ko ina wanka. Ta zauna bakin gado tana jujjuya carbi ba tare da tana ja ba.

"Halimatu, ki fasa tahiyar nan."

"Gwaggo, ni ce fa mai rabon kaya. Anti Nana da kanta ta sa sunana."

"Ki ce ciwon mara."

"Me ya faru?"

Ta dubi ledar ɗaki ta ce, "Uwarki na can."

Ɗankwalin ya zame daga hannuna. Watanni ke nan wayar Baffa Manu ba ta shiga, kullum na tambaya Gwaggo ta ce sabis ne, kin san daji. Ashe tun farkon damina ɓarayi suka shiga rugar, suka ce ya ba su shanu ko ya bi su. Ya ƙi duka biyun, suka kashe shi suka kora garken. Da gari ya waye 'yan sa-kai suka zo bin sawu, suka ga ruga, suka cinna wa bukkokin wuta. Inna ta fito da zanen jikinta da ƙwarya ɗaya.

"Kin sani tun tuni, Gwaggo? Kina kallona ina cin abinci ina ƙoshi?"

"Ina aika mata da abin da ya samu. Mi kike so in yi, in kawo ta nan ta zauna a tsakar gida, surukanki na shiga suna hita? Bari a ɗaura, ɗiyata. In an ɗaura, kowa ya ji ya ji."

Na ce sai na je. Ta ga idona ta san ba fashi. Sai ta tashi ta ɗauki ɗankwalin ta ɗaura mini da kanta, tana ja da ƙarfi kamar kan nawa ne ya yi mata laifi.

"To in kin je, ki kama bakinki ki kama idonki. Ita ba za ta tona ki ba. Ke ɗiyar fari ce, ko ba kowa a wurin ba ta kallonki, balle cikin mutane. Kunyar nan tata ita ce rufin asirinki. Ki miƙa mata kamar kowa, ki wuce."

Allah ya gani, na ji zafin maganar. Allah ya kuma gani, can ƙasan raina na ji sanyi, don na san gaskiya ta faɗa.

Bas biyu muka cika. Daga tasha har fita gari motar kamar gidan biki, ana shewa, ana tuna wa juna wadda ta taɓa yin fitsarin kwance a hostal da wadda aka kama da garin kwaki a cikin filo. Muna barin Dutsin-Ma surutun ya fara raguwa. Gero ya yi tsawo dama da hagu, ya fi mutum, kuma kowa a motar ta san abin da gero mai tsawo yake ɓoyewa a shekarun nan. Muka wuce shingen jami'an tsaro, muka wuce wani ƙauye da ba ko kaza a cikinsa. Wadda ɗazu ta fi kowa shewa ita ce yanzu ke jan hasbunallahu a bayyane. Ina waiwaye ina hango motar Zaharaddin a bayanmu, buhuna sun yi mata tozo.

Ban san me nake zaton gani ba. Get ɗin yana kwance a ƙasa, yara na tsalle a kansa. Itatuwan darbejiyar da muke zama ƙarƙashinsu muna haddar jarrabawa duk an sare su an yi girki, sai kututture. Filin asambuli ya zama murahu, duwatsu uku uku, hayaƙi na tashi daga wasu, da yawa kuwa toka ce mai sanyi. Ɗakin gwaje-gwaje awaki ne a ciki. Hostal ɗinmu iska ta yaye rabin kwanonsa, an shanya tsummokara a tagogi. Abu ɗaya ne na samu yadda na bar shi, tsohon ƙarfen tayar motar nan da ake bugawa a matsayin ƙararrawa, yana nan rataye a jikin ofishin firinsifal. Masu ɗaukar hoto suka ɗaga wayoyi, suka sauke a hankali. Wata a bayana ta ce, "Nan ne gadona yake," sai ta fashe da kuka.

Ni wayar shingen baya nake kallo. A nan masu nono ke zama ranar Asabar, muna miƙa kwano ta ƙarƙashin waya suna zuba mana. Shekara shida Inna tana zuwa wurin nan. Tafiya ce mai nisa daga rugarsu, ga kasuwa ta fi kusa, ta kuma fi ciniki, amma ba ta taɓa fashi ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. In na miƙa kwanona sai ta juya fuska tana magana da ta kusa da ita, hannunta kuma yana zuba mini har ya tumbatsa, man shanu a ɓoye a ƙasa. Ƙawayena suna cewa ina da farin jini wurin mai nonon nan. Ni ma dariya nake yi.

Aka sauke kaya a barandar ofis. Mata suka fara layi, masu goyo, tsofaffi, yara rirriƙe da zanen iyayensu. Can gefe, wajen azuzuwan ƙarshe, wasu matan suka tsaya daban, ba su matso ba. Kitsonsu da ɗaurin zanensu kaɗai ya isa.

Anti Nana ta cire tabarau. "Waɗancan fa? Har da su a nan?"

Dattijon da ke kula da wurin ya ce, "Hajiya, su ma koro su aka yi."

"Wa ya kore su? Ba 'ya'yansu ba ne a dajin?" Ta ja tsaki. "Su jira. In ya rage."

Zaharaddin yana ajiye buhu ya ce a hankali, "Anti, sadaka ce fa."

"Na ce su jira, ban ce su tafi ba."

Ta tsara mu yadda ta saba tsara mu a asambuli. Ni ce a gaba, wai amaryarsu ce fuskar gurup. Ita kuma tana riƙe da waya tana ɗaukar bidiyo, domin 'yan ajinmu na Kaduna da Abuja da suka turo gudummawa sun ce suna son gani da idonsu. Don kada wata ta ce tsohon bidiyo aka turo mata, Anti ta kafa doka: duk wadda ta karɓa ta kalli waya ta ce, mun gode Malama Halima, mun gode tsofaffin ɗalibai.

Haka aka yi ta yi. Ina miƙawa, ana kiran sunana, ina murmushin da ba na jin sa. Rana ta take, atamfar ta manne mini a baya. Kayan suka rage, aka yafito na gefe.

Inna ce ta kusa ƙarshe. Da ban san tafiyarta ba da ban gane ta ba. Inna mai wuya kamar na barewa, mai awarwaro har gwiwar hannu, yau hannun fayau, ƙashin wuyanta a waje, zanen ya koɗe har ba a san kalarsa ta asali ba. Ƙafarta ba takalmi. Ta zo ta tsaya a gabana, ta kafa idonta a kan ginshiƙin baranda.

"Lah!" in ji wata 'yar ajinmu. "Wallahi mai nonon bakin waya ce! Halima, mutuniyarki!"

Aka ɗan yi dariya, irin ta jin daɗin ganin abin da aka sani. Na ɗaga ƙaramin buhun na miƙa. Ta karɓa ba tare da yatsunta sun taɓa nawa ba. A raina ina ta cewa wuce, Inna, wuce, don Allah wuce. Kun ji irin 'yar da nake.

"Mun gode," ta ce da wayar Anti. "Allah ya saka da alheri. Allah ya kai ku gida lahiya."

"Ba haka ba," in ji Anti Nana. "Ki ce, mun gode Malama Halima."

"Mun gode ƙwarai."

"Baiwar Allah, ba kya jin Hausa ne? Ha-li-ma. Ga ta nan a gabanki, ita ta ba ki."

Inna ta mayar da idonta kan ginshiƙin.

Na ce, "Anti, bar ta, ai ta yi godiya."

"A'a. Kowa ya faɗa, ita wace ce? Wannan girman kan nasu shi ya kai ƙasar nan inda take. Abinci a hannunki, sunan wadda ta ba ki ya fi ƙarfin bakinki?"

Inna ta dubi buhun da ke hannunta. Na san abin da ke cikin buhun nan a wurinta, na ga murahun da ba wuta. Ta sunkuya a hankali ta ajiye shi a gaban ƙafafuna, ta gyara masa zama kamar kada ya ji ciwo, ta juya ta kama hanyar azuzuwan ƙarshe.

Wata tsohuwa da ke bayanta a layi, na ji ana ce mata Gogo, ta matso tana dogara sanda.

"Hajiya, ki yi haƙuri, ba raini ba ne. Sunan ɗiyarta ta fari ke nan. Ko wuƙa aka sa mata a wuya ba ya hita bakinta."

Anti Nana ta yi 'yar dariya. "To Halimar ɗaya ce a duniya?"

"Ko ta wani ce ba ta faɗi. Haka muke."

Da a nan maganar ta tsaya da na tsira. Amma 'yar ajin namu mai bakin nan, wadda ba ta taɓa barin zance ya mutu da kansa ba, ta ce, "Ni abin da ya ba ni mamaki, kowa ta kalla ban da Halima. Tun muna makaranta ma haka take yi mata, ta juya kai tana zuba mata nono har ya zube." Ta yi dariya, ta ga ba wanda ya taya ta, ta rufe baki.

Duk wadda ta tashi a ƙasar nan ta san mutum biyu ne mace ke kawar wa kai irin haka, ɗan fari da suruki. Na ga lissafin yana shiga fuskar Anti Nana. Ta sauke wayar. Ta dubi bayan Inna da ke nisa, ta dubi dogon hancina, ta dubi wuyana. Kunyar da Gwaggo ta ce za ta rufa mini asiri, ita ce ta tsaya a tsakiyar fili tana nuna ni da yatsa.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Da na yi dariya na ce kai jama'a, na kira ta gaba, da zargi ne kawai zai rage, kuma zargi ba ya hana ɗaurin aure. Anti ma kamar hanyar take ba ni, don ta mayar da tabaranta ta ce, ba tare da ta daina kallona ba, "Ɗauke buhun ki ba ta gaba, Halima. Mai girman kai ai ba ya jin yunwa."

Na sunkuya na ɗauki buhun. Tsohuwa Gogo ta miƙo hannu. Ban san lokacin da na ɗora shi a kaina ba, bisa ɗaurin da Gwaggo ta yi mini. Na sauka daga barandar na ratsa layin, na bi ta tsakiyar murahun mutane da ankona da jakata. Ana kirana a baya. Ban waiwaya ba, don in na waiwaya zan ga Zaharaddin.

Aji uku ta shiga, ajinmu. Ba benci ko ɗaya, an raba ɗakin da igiyoyi da tsofaffin zannuwa, kowace kusurwa iyali guda. Nata wurin yana ƙarƙashin allo, tabarma rabi, tukunya, da ƙwaryar nan guda ɗaya a kife. Tana zaune ta ba ƙofa gefe. Na sauke buhun, na durƙusa.

"Inna."

Ba ta juyo ba. Da tukunyar ta yi magana.

"Wa ya aiko ki?"

"Inna, ina wuni. Ya haƙuri? Wallahi sai yau na ji."

"Ke ba ki da wayo ne? Don mi na bar masu abin? Tashi ki koma cikin mutanenki tun ba a ankara ba."

"An riga an ankara."

Ta rufe ido.

"Gwaggonki ta aiko mini tun shekaranjiya, ta ce ayarin da za su zo akwai dangin yaron. Na ce ba zan hito ba. Tun safe nake zaune nan." Muryarta ta yi ƙasa. "Yunwa ce ta hito da ni. Na ce in karɓa in wuce, wa zai kula da ni."

Ban taɓa jin abin da ya karya ni kamar wannan ba. Uwata tana ba ni haƙuri don ta ji yunwa. Na kifa kaina a gwiwarta ina kuka, rabona da taɓa jikinta tun ban san kaina ba. Ba ta rungume ni ba. Amma na ji hannunta ya sauka a kan ɗankwalina, yana kakkaɓe ƙurar buhun.

Sai aka yi sallama a bakin ƙofa.

Kafin in ɗago, Inna ta ja gefen zanenta ta rufe kai da fuska, ta juya gaba ɗaya ta fuskanci bango. Ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta san ko wane ne, ta kuma ba shi abin da ake ba suruki. A cikin wannan ɗaki mai warin hayaƙi, da tabarma rabi, ta yi masa kunya cikakkiya kamar tana cikin ɗakinta na ruga da jeren ƙore.

Zaharaddin yana tsaye a dokin ƙofa, hannun rigarsa a naɗe, farin ƙurar shinkafa a kafaɗarsa.

"Sa'adiyya," ya ce. Shi kaɗai ke kirana haka. "Wace ce?"

"Mahaifiyata ce."

Ya dubi bayanta. Ya dubi ƙwaryar. Ni kuwa ƙafafunsa nake kallo, don na san a nan amsar take. Baƙaƙen takalma ne sau-ciki, waɗanda na raka shi ya saya. Na ga ya sa tsinin na hagu ya danne dunduniyar na dama. Ƙafar ta fito, safa ruwan toka, ta tsaya a iska tana neman simintin ajinmu. Na ce a raina, ya Allah, ko da wannan ne kaɗai rabona a duniya.

"Zaharaddin!"

Anti Nana ce daga baranda. Ba ta ɗaga murya sosai ba, ba ta ma ƙaraso ba.

"Hajiya na gida. Har yau in an zuba tuwo sai ta ajiye na Yaya Rabi'u. Ka shiga ka tsuguna, sai ka zo ka gaya mata a gaban wa ka tsuguna."

Ƙafar ta daɗe a inda take. Ba zan yi masa ƙarya ba, ta daɗe. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ga idonsa ya yi irin jan da ya yi ranar da ya ba ni labarin a-kori-kura. Sannan a hankali ya mayar da ita cikin takalmin, har ya sunkuya ya sa yatsa ya gyara dunduniyar.

"Da kin gaya mini," ya ce.

"Da na gaya maka fa?"

Ya ce, "Za a tashi yanzu, ba a son la'asar ta yi mana a hanya."

Na ce su tafi.

Ina jin su suna shiga mota, ba shewa, ba sallama. Wani yaro ya samu dutse yana buga tsohon ƙarfen ƙararrawa, irin bugun da a da yake nufin an tashi. Wayata ta yi ƙara a jaka. Gwaggo ce, na bar ta ta katse. Sai wani saƙo ya biyo, Anti Nana Aisha ta cire ki daga wannan gurup. Na shiga wurin Zaharaddin na rubuta, "Ba ita ta kashe shi ba. Ita ma nata aka kashe." Alamar nan biyu ta zama shuɗiya nan take. Na ga yana rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya daina. Daga nan ba komai.

Inna ba ta motsa daga bango ba har ƙarar motocin ta fara nisa. Duk abin da ya faru a bayanta ya faru, kunnenta ya ji kamar yadda na ji, amma akwai abin da kunne ba ya ji. Ta sassauta zanen daga fuskarta kaɗan. Allon ta tambaya, ba ni ba.

"Yaron ya cire takalmi?"

Na dubi dokin ƙofar. Sawunsa na nan a kan ƙura, guda biyu, duka na takalmi.

"Ya cire, Inna."

Ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo, irin wadda ban ji ta yi ba ko da na ajiye mata buhun.

"Alhamdulillahi. To ɗan mutunci ne. Ki riƙe shi da kyau."

Na ce, "To, Inna."